Tarihin Luwi Braille, Makahon Da Ya Ƙago Rubutun Makafi

Duk wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa ya san daɗin ranar da ya fara karanta wasiƙarsa da kansa, ba tare da ya kai ma wani ya ji asirin gidansa ba. Ya kuma san daɗin ranar da ya rubuta sunansa bisa takarda, maimakon dangwala yatsa cikin tawada. To, akwai wasu ƴan'uwanmu waɗanda wannan daɗi ya daɗe bai kai gare su ba, ba don rashin basira ba, sai don rashin ido. Shekaru aru-aru, makaho in ya yi sa'a sai dai ya haddace abin da aka karanta mashi. Wanda ya sake wannan al'amari wani yaro ne Bafaranshe, ɗan baduku, shi ma makaho, a lokacin da ya ke da shekara 15 da haihuwa. Ana rubuta sunansa Louis Braille, Faransawa kuwa suna faɗin Luwi Biray. Da sunansa a ke kiran rubutun makafi har wa yau.

An haifi Luwi ran 4 ga watan Janairu na shekara ta 1809, a wani ƙauye da a ke kira Coupvray, wajen kilomita 40 gabas da birnin Pari. Shi ne auta cikin ƴaƴa 4. Sunan uwarsa Monique. Ubansa, Simon-René, baduku ne, yana ɗinkin kamazuru da majayi da sauran tarkacen fata na dawakin noma da na amalanke. Suna da gidansu na dutse da ƴar gona da kurangar inabi. Ba su cikin masu arziki, amma ba su rasa na tuwo ba.

Yana da shekara 3, wata rana ya shiga shagon uban, ya ɗauki wani ƙarfe mai kaifi daga cikin kayan aiki, yana so ya huda fata kamar yadda ya ga ana yi. Ɗan kowane mai sana'a haka ya ke. Ƙarfen ya kuɓuce ya soke shi a ido. Aka yi magani irin na zamanin, bai yi amfani ba. Idon ya lalace, ciwon kuma ya kama ɗayan, gani ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Kafin ya wuce shekara 5 ba ya ganin komi.

A Faransa ta wancan zamani, abin da ke jiran yaro makaho ɗan ƙauye bai bambanta da abin da muka sani a garuruwanmu ba: sanda, ƙoƙon bara da ɗan jagora. Iyayen Luwi ba su yarda da haka ba. Suka bar shi yana yawo cikin ƙauye da sandarsa, har ya san kowane lungu da kunne da ƙafa. Limamin majami'ar ƙauyen, Jacques Palluy, ya lura yaron yana da kaifin hankali, ya riƙa koya mashi da baki, sa'an nan ya roƙi malamin lakkwal, Antoine Bécheret, ya karɓe shi cikin aji tare da yara masu ido. Luwi ya zauna yana saurare yana haddacewa, har ya kan wuce da yawa daga cikin abokansa. Amma in aka ce a ɗauko littafi ko alƙalami, sai ya naɗe hannu. Limamin bai gaji ba. Ya bi ta hannun wani basarake na yankin, har aka samo ma yaron bursu a makarantar makafi ta Pari. Ran 15 ga watan Fabrairu na 1819 uban ya kai shi, yana da shekara 10.

Kafin mu bi shi ciki, ya kamata mu san asalin wannan makaranta, gama ita ce irinta ta farko a duniya. Wanda ya kafa ta, Valentin Haüy, tafinta ne, mai fassara takardu daga harsuna da dama. A shekara ta 1771 ya je wani bikin kasuwa a Pari, ya tarar an jera makafi wajen goma bisa dandamali, an sa musu dogayen huluna na ban dariya da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa suna ta kaɗe-kaɗe barkatai, jama'a kuwa suna ta ƙyaƙyatawa. Abin ya tsaya mashi a rai. A 1784 ya ɗauko wani saurayi makaho mai bara a ƙofar majami'a, François Lesueur, ya yi alkawarin biyansa abin da ya saba samu wajen bara, in ya yarda ya zauna ya koyi karatu. Saurayin ya yarda, ya kuwa koya. Daga nan makaranta ta tsiro. Dabarar Haüy ita ce a ɗauki haruffan boko na kullum, manya-manya, a danna su da ƙarfi bisa takarda mai kauri wadda aka jiƙa, har su fito da tudu, makaho ya bi siffarsu da yatsa.

Niyya ce mai kyau, kuma ba a raina ta. Amma akwai kuskure a gindinta, kuskuren da masu ido suka yi shekaru suna maimaitawa: sun ɗauka abin da ya yi ma ido sauƙi shi zai yi ma yatsa. Ido yana hango harafi gaba ɗaya, da lanƙwasarsa da ƙugiyarsa, cikin ƙiftawa guda. Yatsa kuwa sai ya zagaya harafin, kamar mai laluben ƙofa da dare. Mai karatu ya gwada: ya rufe idonsa, ya shafa rubutun da ke bisa dala, ya ga ko zai bambanta O da C, ko B da R. Kafin yaro ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Littattafan kuma ƙatta ne, ga nauyi ga tsada, sabo da haka ƴan kaɗan ne makarantar ta mallaka, Luwi ya gama da su nan da nan. Abin da ya fi duka kuwa, makaho ba ya iya rubuta irin waɗannan haruffa ya karanta da kansa, sai an bi ta maɗaba'a. Watau rabin karatu aka ba shi. Yana karanta abin da wani ya ga dama ya buga, amma ko lissafin kuɗinsa ba ya iya ajiyewa bisa takarda.

Gidan makarantar, a titin Saint-Victor, tsohon gini ne mai danshi, wanda aka taɓa mai da shi kurkuku zamanin juyin juya halin Faransa. Iska ba ta shiga sosai, abinci ba yawa, horo da tsanani, yara da dama suna fama da tari. Duk da haka Luwi ya yi fice ga nahawu da lissafi da labarin ƙasa, ya kuma ƙware ga kiɗa. A 1821 aka naɗa sabon darekta, likita ne mai suna Pignier, mutum mai sauƙin hali, wanda ya zama gatan Luwi shekara da shekaru.

Cikin wannan shekara ta 1821 ne wata sabuwar dabara ta shigo makarantar. Mai ita shi ne Charles Barbier, tsohon hafsan soja na ɓangaren igwa. An daɗe ana ba da labari, har cikin littattafan makaranta, wai ya ƙago ta ne domin sojoji su riƙa karanta saƙo cikin dare ba tare da sun kunna fitila ba. Labari ne mai daɗin ji. Amma wata ƴar Kanada, Philippa Campsie, ta binciki takardun Barbier, ta buga sakamakon a 2021, ta nuna ba haka abin ya ke ba. Barbier ya bar soja tun zamanin juyin juya hali, ya tafi Amurka ya yi shekaru. Da ya komo, abin da ya dame shi shi ne talakawa da naƙasassu waɗanda rubutun Faransanci ya gagara. Wanda duk ya yi fama da wannan harshe ya san ciwon: kalmar ruwa, eau, haruffa 3 gare ta, amma o kaɗai a ke furtawa. Cikin littafin da ya buga a 1815 ya kawo hanyoyin rubutu masu sauƙi iri-iri, ɗaya daga cikinsu ta makafi ce. In da a zamaninmu ya zo, da ma'aikacin yaƙi da jahilci za mu ce da shi.

Ga yadda dabarar ta ke. Ya jera sautuka 36 na Faransanci cikin layi 6, kowane layi da sauti 6. Ana nuna kowane sauti da jeri biyu na ɗigo mai tudu, a tsaye: yawan ɗigon jerin farko ya nuna layin, yawan na biyu ya nuna matsayin sautin cikin layin. Alama guda ke nan tana iya kai ɗigo 12. Ya kuma tanadi kayan aikin: allo mai kwari-kwari wanda a ke ɗora takarda bisansa, da wani abu mai ƴan tagogi da ke nuna ma hannu wurin hudawa, da tsinke mai dakusasshen baki. Yara suka yi murna ƙwarai. Yatsa ya fi jin ɗigo bisa ga layi, kuma ga shi yau makaho ya rubuta abu, ya juya takarda, ya karanta abin da ya rubuta. Sai dai da aka fara aiki da ita, aibinta ya fito. Alama mai ɗigo 6 a tsaye ta fi kan yatsa tsawo, sai an hau an sauka kafin a gane ta. Sauti ta ke rubutawa, ba harafi ba, sabo da haka yaro ba ya koyon rubutun da sauran jama'a su ke yi. Ba ta da lambobi, ba ta da aya ko waƙafi, ba ta da alamun kiɗa.

Luwi yana da shekara 12 a lokacin. Mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa ya ke yoyo. Ya kama aikin gyara, da dare in an kwanta, da lokacin hutu in ya koma ƙauye, yana ta huda takarda yana shafawa, yana jefarwa, yana sakewa. Tsinken da ya ke aiki da shi kuwa ɗan'uwan basillar dukawa ne, irin wadda ya tashi yana jin ana huda fata da ita a gidansu. A shekara ta 1824 ya kai ma Pignier abin da ya samu.

In an faɗi abin da ya yi, sai a ce ai ba wuya: ya raba gidan Barbier biyu, ya bar ɗigo 6 maimakon 12, ya kuma koma ga harafi ya bar sauti. A ɗauka gida ne guda mai gurbi 6, kamar an yanko wani ɓangare na dara, uku a hagu, uku a dama. Na hagu, daga sama zuwa ƙasa, su ne na 1, na 2 da na 3. Na dama su ne na 4, na 5 da na 6. Kowane gurbi, ko a tada ɗigo cikinsa, ko a bar shi a shafe. In aka ƙidaya duk yadda za a iya cuɗa su, ana samun alama 63. Harafin a shi ne ɗigo na 1 shi kaɗai. B na 1 da na 2. C na 1 da na 4. D na 1, na 4 da na 5. Haruffa 10 na farko, daga a zuwa j, ba su fita daga gurabu huɗu na sama. Goma na biye, daga k zuwa t, su ne dai na farkon, an ƙara musu ɗigo na 3: a ya zama k, b ya zama l, haka har ƙarshe. Waɗanda ke bin su kuma a ƙara musu na 3 da na 6 gaba ɗaya. Wanda ya riƙe goman farko ya riƙe kusan duka. Lambobi ma su ne dai goman nan: in aka sa wata alama ta musamman a gaba, a ya zama 1, b ya zama 2, j ya zama sifiri. Tsawon gidan duka bai wuce kimanin milimita 6 ba. Nan ne asirin ya ke. Kan yatsa yana rufe gidan gaba ɗaya, ya karɓi harafin taɓi guda, kamar yadda ido ya ke yi.

Harafi ɗaya ne bai shiga jerin farko ba, watau w, domin Faransanci bai cika amfani da shi ba. Daga baya aka ƙara shi. Mu da an bar mu haka, da ko wuta ba mu iya rubutawa, balle wata ko waina. Akwai kuma abin da zai ba almajiranmu sha'awa. Tun da ta bayan takarda a ke hudawa domin ɗigon ya taso ta gaba, mai rubutu da allo da tsinke daga dama ya ke farawa ya nufi hagu, kamar mai rubutun ajami. In ya gama ya juya takardar, ya karanta daga hagu zuwa dama, kamar mai karatun boko.

A 1829, yana da shekara 20, ya buga littafin da ya bayyana dabarar, har da yadda a ke rubuta kiɗa da ita. A ciki bai ɓoye ba, ya faɗi cewa daga Barbier tushen abin ya fito. Mutanen biyu ba su sadu ba sai a 1833, daga nan kuma suka riƙa aika ma juna wasiƙu cikin girmamawa. Bugun farko yana da wasu alamu masu ƴan layuka a kwance haɗe da ɗigo. Da ya ga suna ba yatsa wahala, sai ya fid da su daga bugu na biyu, na 1837. Wannan bugu na biyu shi ne tushen abin da a ke aiki da shi har yanzu. A shekarar ce kuma makarantar ta buga littafi na farko da sabon rubutun, tarihin Faransa cikin kundi 3.

Luwi bai bar makarantar ba har mutuwarsa. A 1828 ya zama mataimakin malami, a 1833 cikakken malami, yana koyad da nahawu, tarihi, labarin ƙasa, lissafi da kiɗa. Daga 1834 zuwa 1839 shi ne mai kaɗa orga, babban abin kiɗan nan mai bututu da yawa wanda a ke taɓawa da hannu da ƙafa, a majami'ar Saint-Nicolas-des-Champs. Bai yi aure ba. Tun wajen 1835 tarin fuka ya bayyana gare shi, ya fara tofad da jini.

To, mai karatu zai yi tsammani daga nan sai yabo da lambar girma. Ba haka aka yi ba. Yara sun rungumi rubutun tun ranar farko, amma hukuma ba ta amince da shi ba, malamai masu ido da yawa kuma ba su so shi. Hujjarsu ta fili ita ce, in makafi suka yi rubutu nasu na dabam, za su ƙara nisa da sauran jama'a. Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma Luwi da kansa bai raina ta ba: a 1839 ya fito da wata dabara ta zana haruffan boko da ƴan ɗige-ɗige, domin makaho ya rubuta ma mai ido wasiƙa, abokinsa Pierre Foucault, shi ma makaho, ya ƙera mata na'ura. Amma bayan hujjar fili akwai ta ɓoye. Malami mai ido sai ya koma ɗalibi kafin ya karanta abin da yaransa suka rubuta. In kuwa makafi suna iya karatu da rubutu da koyarwa ba tare da shi ba, ina makomar aikinsa?

A 1840 mataimakin darekta, Pierre-Armand Dufau, ya yi ƙulle-ƙulle har aka sauke Pignier, ya hau kujerarsa. Ya kawo wani sabon salo na haruffan boko masu tudu, ya sa aka ƙone tsofaffin littattafan da aka buga zamanin magabatansa, ya hana aiki da rubutun ɗigo cikin aji, aka karɓe alluna da tsinkuna daga hannun yara. Luwi, ga ciwo ga baƙin ciki, ya koma Coupvray a 1843 ya yi jinya ta wata 6.

Abin da Dufau bai lissafa ba shi ne yaran. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ya san zaurance, yadda yara su ke cusa wata gaɓa cikin kalmomi ko su juya su, su yi ta hira gaban manya ba a gane su. Ba a koyad da shi a makaranta, ba mai hana shi kuma ya hanu. Haka rubutun Luwi ya koma a gidan nan. Da aka karɓe tsinkuna, yara suka nemo ƙusa, da allurar saƙa, da cokali mai yatsu. Manya suna koya ma sababbin shiga a ɓoye. Suna rubuta ma juna ƴan takardu waɗanda masu tsaronsu, da idonsu biyu, ba su iya karantawa. Aka yi horo, bai hana ba. Bambancin kawai, zaurance wasa ne, in yaro ya girma sai ya bar shi. Waɗannan kuwa abin da su ke karewa shi ne hanya guda da su ke da ita ta ajiye magana su same ta gobe yadda suka bar ta. A ganina, in ana lissafin waɗanda suka ba duniya wannan rubutu, bayan Luwi da Barbier sai a sa yaran nan, ko da ya ke tarihi bai riƙe sunayen yawancinsu ba.

Mataimakin Dufau, Joseph Guadet, mai ido ne, amma ya zauna ya duba yadda yaran su ke aiki, ya gane gaskiya. Ya nuna ma maigidansa cewa faɗa ne wanda ba zai ci ba, kuma gara makarantar ta yi alfahari da abin da aka ƙago cikinta. Dufau ya sauko. Ana nan, sai ga dalilin nuna abin a bainar jama'a. Tun a 1838 mawallafin nan Lamartine, wanda ya ke ɗan majalisar dokoki a lokacin, ya kwatanta ma majalisa irin ƙazamin gidan da yaran su ke ciki, aka ware kuɗin sabon gini a titin Invalides. Ran 22 ga watan Fabrairu na 1844 aka yi bikin buɗe shi. Guadet ya tashi gaban manyan baƙi ya bayyana dabarar ɗigo, ya ambaci mai ita. Sa'an nan aka yi gwaji: aka fid da ɗaya daga cikin ƴan makaranta waje, wani baƙo ya yi shifta, ɗaya ya rubuta da tsinke, aka shigo da na waje, ya ɗora yatsa ya karanta. Luwi yana wurin. Daga ranar ba a sake hana rubutun a makarantar ba.

Wata 3 bayan haka, ran 24 ga watan Mayu na 1844, can a Amurka, Samuel Morse ya aika saƙo ta wayar tangarahu daga Washinton zuwa Baltimore, da nashi rubutun na ɗigo da ɗan layi, gajeren bugu da dogo. Dabarun biyu ƴan'uwan juna ne: kowace ta bar siffar harafi, ta nemi abin da ya dace da mai karɓa, ɗaya kunne da waya, ɗaya yatsa. Amma dubi bambancin rabo. Ta Morse, da ya ke gwamnatoci da ƴan kasuwa da masu jirgin ƙasa ke bukatarta, nan da nan ta game duniya, har tsofaffin ma'aikatan gidan waya na ƙasarmu sun yi aiki da ita. Ta Luwi, makafi kaɗai ke bukatarta, sai ta yi ta jira. A 1999 jiragen ruwa na duniya suka daina dogara ga ta Morse wajen neman agaji. Ta Luwi tana nan, har na'urori na zamani suna tada ɗigonta su shafe, makaho yana karanta abin da ke cikin kwamfuta da yatsa.

Shi dai bai ga wannan ba. Ciwo ya ci ƙarfinsa, aka rage mashi aiki, ya koma koyad da kiɗa ga yara ƙalilan. Cikin watan Disamba na 1851 ya yi aman jini mai yawa, aka kwantad da shi a ɗakin jinya na makarantar. Ya rasu ran 6 ga watan Janairu na 1852, kwana 2 bayan ya cika shekara 43. Aka kai gawarsa Coupvray aka binne. Cikin kayansa aka tarar da wani ɗan akwati wanda ya bar wasiyya a ƙone shi ba tare da an buɗe ba. Abokansa suka kasa haƙuri suka buɗe. Takardun bashi ne, na kuɗin da ya ranta ma ɗalibai da abokai daga ɗan albashinsa. Suka mai da su suka ƙone.

Shekara 2 bayan rasuwarsa, a 1854, hukumar Faransa ta amince da rubutun. A Ingila, wani likita da ganinsa ya raunana, Thomas Armitage, ya yi abin da ya kamata a yi tun farko: ya tara makafi masu ilimi, ya ce su gwada duk hanyoyin rubutun da ke akwai su zaɓa da kansu. A 1870 suka zaɓi na Luwi. A 1878 wani babban taro na ƙasashe da aka yi a Pari ya tsai da shawara a bi shi. Amurkawa suka yi shekaru suna gardama tsakanin salo iri-iri, sai a 1932 suka daidaita da Ingila bisa tsari guda. A 1951, a birnin Bairut, ƙarƙashin UNESCO, aka daidaita na Larabci, wanda a ke karantawa daga hagu zuwa dama kamar sauran. Da shi ne makafi Musulmi su ke karanta Alƙur'ani mai girma da yatsunsu. Hausa ma an yi mata nata, har da alamun ɓ, ɗ da ƙ. A Yamai, makarantar makafi ta Soli Abdurahamane da wannan rubutu ta ke koyarwa. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 4 ga watan Janairu, ranar haihuwarsa, ta zama ranar rubutun Braille ta duniya.

Da ya cika shekara 100 da rasuwa, gwamnatin Faransa ta yanke shawarar mai da ƙasusuwansa Panteyon, babban ginin nan na Pari inda a ke ajiye manyan mutanen ƙasa. Aka yi haka ran 22 ga watan Yuni na 1952, gaban shugaban ƙasa Vincent Auriol. Makafi daga ƙasashe da dama suka bi akwatin cikin titi da fararen sandunansu. Helen Keller, Ba'amurkiyar nan makauniya kuma kurma wadda ta rubuta littattafai, ta zo bikin ta yi jawabi. Mutanen Coupvray kuwa ba su so a raba su da ɗansu ba. Aka yi ta kai da komowa, daga ƙarshe aka shirya: jiki ya tafi Pari, hannuwa biyu suka tsaya ƙauye. Suna can cikin wani ɗan mazubi da aka rufe bisa tsohon kabarinsa. Gidan da aka haife shi kuma an mai da shi gidan tarihi, mai ziyara yana shiga har shagon uban, ya tarar da teburin aiki da kayan dukanci a jere.